Kanwa Kafin Sikeli

Ragon ne ya fara tona asirin, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Fadimatu ta fi shekara ashirin tana turka a gidanta da ke bayan kara, kasuwar dabbobin Illela. Takan sayi ramammen rago ta ɗaure a turke, ta bi shi da dusa da harawa da kowar wake har ya zama abin kallo. Ta san abin da tiyar dusa guda take ɗora wa bayan dabba, kamar yadda ta san yawan gishirin miyarta. Shi ya sa ran wata Litinin da hantsi, da ta dafa gadon bayan farin ragon da take kiwo ta ji yatsunta sun nutse cikin naman da ba ita ta ba shi ba, sai ta yi turus. Ta sunkuya ta yaye harawar da ke gindin turken. Ga ɓarɓashin dambun da ta kai wa mijinta jiya, ga busasshiyar lomar tuwo, ga tabon fura a ƙasa ƙudaje na bi.

Wata biyu ke nan kwanukan mijin nata, Malam Lawal, suna dawowa wayam, tana ta godiya ga Allah. Ashe rago take yi wa girki.

Malam Muhammadu Lawal dillalin raguna ne, kuma duk wanda ya taɓa cin kasuwar Lahadi ya san hannunsa. Akwai wata tsohuwar dabara ta masu kawo dabbobi: kwana biyu kafin kasuwa sai su lasa wa rago kanwa, ƙishirwa ta kama shi, su sake masa ruwa ya sha har cikinsa ya yi tim. Baƙon da ya zo daga kudu sai ya ga ƙato ya saya, kafin ya isa gida rago ya fitsare rabin ƙibarsa a mota. Malam Lawal ba a sayar masa da ruwa. Ba ya ma kallon ciki. Gadon baya yake dafawa, ya matsa cinya, ya laluba gindin wutsiya, sannan ya dubi mai rago ya yi wannan murmushin nasa mai ban haushi. Shi ya koya wa Fadimatu tun tana amarya, ya kama hannunta ya ɗora a bayan tunkiya ya ce mata ido ake yi wa wayo, hannu ba a yi masa.

Bara ne ciwon daji ya kama shi a hanji. Aka yi masa aiki a babban asibiti a Sakkwato, aka ce sai ya riƙa zuwa duk mako uku ana saka masa magani ta jijiya. Daga nan mutum ya fara zubewa. Zoben azurfarsa ya suɓuce a wajen alwala, hularsa ta fara sauko masa kan kunne, gefen goshinsa ya lotsa. Mutumin da yake kayar da rago da hannu ɗaya, sai da ta kai buta cike da ruwa tana rawa a hannunsa. Ya ce nama ƙarfe-ƙarfe yake yi masa a baki, ƙamshin man gyaɗa kuwa tayar masa da zuciya yake.

Fadimatu ta yi abin da ta iya. Mace ce da ba ta taɓa ganin ramar da ta gagari abinci ba, don haka ta buɗe wuta. Malmala uku, miya har tana zuba, fura cike da ƙwarya, sannan ta zauna a gabansa ta zuba masa ido tana ƙirga loma. In ya ture ta matso, in ya kau da kai ta yi kuka. Ita a ganinta ƙauna ce, kuma ƙaunar ce, sai dai irin wadda take toshe wa mutum maƙogwaro. Ran nan ya ce ta riƙa ajiye masa a rumfa ta ba shi wuri, zai fi ci in ba a kallonsa. Rumfar kuwa taku huɗu ce tsakaninta da turken rago.

Abin da ya ɗaure mata kai shi ne sikeli. Duk zuwansu asibiti sai an ɗora shi, kuma daga kilo sittin da takwas ya yi ta gangarowa har hamsin da biyu. A ranar ne likitarsa, wata yarinyar mace mai suna Humaira, ta ce in ya yi ƙasa da hamsin sai sun sake shawara. To tun daga ranar sikeli ya tsaya cak. Hamsin da ɗaya, hamsin da ɗaya. Mutumin da rago yake cinye wa abinci, me yake riƙe da nauyinsa?

Amsar ta same ta ran Laraba, jajiberin komawarsu, a aljihun rigar da ta ɗauko za ta wanke. Ƙullin leda ne, a ciki jar kanwa, gefe guda ya yi sumul saboda lasa. Ta tsaya da shi a hannu. Sai yanzu ta tuna yadda yake jan takalmi a 'yan kwanakin nan, dunduniya a waje, da yadda randar rumfa take ƙarewa da wuri duk makon da za su tafi.

Ta same shi a kishingiɗe a rumfa, carbi a hannu. Ta durƙusa a gefen tabarma kamar yadda ta saba, ta ce masa rago ya yi ƙiba. Ya ce to madalla, ai abin da take nema ke nan.

"Da tuwonka yay yi ta, Malam."

Carbin ya tsaya. Ta ajiye ƙullin kanwar a gabansa.

"Wagga kuma ta wane rago ta?"

Ya dubi ledar. Wanzami dai ba ya son jarfa, kuma ta ga kunya ta hau fuskar nan da ta rage ƙashi da ido, har ta ji da ma ba ta gani ba. Da ya buɗe baki muryarsa a ƙasa take.

"Kin ji likita da kunnenki. Ƙasa ga hamsin babu magani. Saura zuwa biyu maganin shi ƙare, Hwadimatu, biyu tak. In na ƙetare su ki turke ni awa ragonki, ki ba ni duk abin da kika so."

"Ba haka tac ce ba. Cewa tay yi sai sun sake shawara."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Ni dillali na. Shekara talatin da biyar ina jin kalmar ga. Mai saye in yac ce bari shi sake shawara, ba shi dawowa."

Ya tuna mata da wani mutumin garin Lafani da suke haɗuwa a layin asibiti, wanda aka ce ya koma gida sai ya ƙara ƙarfi. Ko wata bai rufa ba suka ji an yi sadakar ukunsa. Fadimatu ta ce kowa da kwanansa, kuma ita tsoron kanwar take, ga ƙafafunsa nan sun kumbura. Ya ja bakin zane ya rufe ƙafafun. Sannan ya dube ta ido cikin ido, abin da ya daɗe bai yi ba.

"In kin buɗe baki gaban likita, ban yahe miki ba."

A shekara talatin na zamansu sun yi faɗa, sun yi gaba ta kwana biyu, ya taɓa yi mata tsawa a gaban baƙi. Wannan kalmar dai bai taɓa furta ta ba. Ta tashi ta koma wajen wankinta, ta yi ta cuɗa riga ɗaya har hannunta ya yi ja.

Washegari bayan sallar asuba ƙanensa Sahabi ya zo da motarsa. Malam ya zauna a gaba, Fadimatu a baya, a tsakanin ƙafafunsa kuma ga jakar fiyawata, ruwan leda. Da can takan ɗauka zafin bazara ne yake sa shi yawan shan ruwa. Yau da idonta ya buɗe sai ta ga lissafi ne: kowace leda rabin kilo ce, kuma shida ya ware. Ya fasa ta farko suna fita gari. Ta biyu a Amarawa. Mutumin da cokali uku na kunu yake gagara, ga shi yana ɗura wa kansa ruwa, yana runtse ido yana haɗiya kamar mai shan maɗaci. Wajen Gwadabawa ta ga ya dafe baki, kafaɗunsa suka motsa, ya danne abin da ya taso masa ya mayar. Ta ji kamar a nata cikin ake yi.

Sahabi bai san komai ba, sai hira yake zubawa a kan yadda kuɗin sefa ya tashi da yadda mutanen Konni, can ƙetaren iyaka, suka daina kawo manyan raguna. A Kware ya tsaya zai kewaya, ya tambayi yayansa ko zai sauka ya rage mara. Malam ya girgiza kai. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, ya haɗe gwiwoyi, ya kama hannun ƙofa ya riƙe gam. Kowane rami motar ta faɗa sai Fadimatu ta ji ɗan nishin da yake ɓoyewa. Ya fasa ta shida suna shiga Sakkwato.

Asibiti kuwa ranar kamar an yi gayya. Benci ya cika, wasu a ƙasa, kuma katinsu ya faɗa can ƙasan tari. Suka zauna. Ƙarfe tara ta wuce, goma ta wuce. Malam ya kasa zama ya kasa tsayuwa, ya jingina da bango yana karkaɗa ƙafa ɗaya, leɓensa na motsi, ba ta sani ba ko salati yake ko ƙirga. Ƙofar bayi tana nan a gabansu, mutane na shiga suna fita, shi kuwa ya ƙi ko kallon wajen. Sau biyu ta buɗe baki za ta ce ya je, sau biyu ta tuna kalmar jiya ta haɗiye.

Ta shiga lallashin kanta. Ruwa ne fa, ba guba ba. Sau biyu ya yi a baya, ga shi da ransa. Wace ce ita da za ta tsinka mijinta a gaban likitar da ba ta wuce sa'ar 'yar cikinsa ba? In kuma shi ke da gaskiya, aka sallame su saboda bakinta, ya bi mutumin Lafani da fushinta a ransa, ina za ta sa kanta? Kafin a kira sunansa ta gama yanke wa kanta hukunci cewa za ta yi shiru.

Nas ta ɗora shi a sikeli. Allurar ta yi rawa ta tsaya.

"Hamsin da rabi. Baba ka yi ƙoƙari."

Ya sauko yana dafa bango, kuma Fadimatu ta ga wani ɗan haske a idonsa, irin na wanda cinikinsa ya faɗa.

Likita Humaira ta gaishe su cikin Hausarta ta Kano, ta duba takardar gwajin jinin da aka yi masa a Illela tun makon jiya, ta ce ba laifi. Idanunta sun yi ja don gajiya, ga kati sun fi arba'in a gabanta. Ta tambaye shi ko yana cin abinci, ya ce yana taɓawa. Ta ɗauki wayarta ta danna wasu lambobi, ta ce da nas hamsin da rabi ne, a haɗa masa kamar na wancan karon.

Wannan maganar ce ta tsaya wa Fadimatu. Ta ji bakinta ya tambaya tun kafin ta ba shi izini, ko da nauyin ake auna maganin.

"Eh, Mama. Da nauyi da tsawo. Magani ne mai ƙarfi, ba a ba mutum fiye da abin da jikinsa zai ɗauka, kuma sai ƙoda tana da lafiyar fitar da shi."

Shekarun baya Fadimatu ta taɓa sayen wani ɗan rago mai ƙaton ciki. Ta dube shi da ido, ta ɗura masa maganin tsutsa awon babban rago. Ashe ciki ne kawai, ƙashi ne a ƙarƙashi. Kafin la'asar ya kwanta yana kumfa, kafin a nemo wuƙa ya tafi. Malam ne ma ya yi mata faɗa a ranar, ya ce wa ya aike ta auna magani da ido.

Nas ta ɗauki takardar ta juya za ta fita. Malam ya riga ya fara naɗe hannun riga, ya bayyana damtsen nan da bai fi muciya ba. Bai dube ta ba, amma ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe, ta san yana jin numfashinta a bayansa. Ta tuna aljannarta da ake cewa tana ƙarƙashin ƙafarsa, ta dubi ƙafar, ga ta nan a kumbure tana sheƙi cikin takalmin da ya kasa ɗaukarta. Nas ta kama hannun ƙofa.

"Likita," in ji Fadimatu. "Nauyin ga ba nashi ba na. Ruwa na."

Da ta fara kuma sai ta kasa tsayawa, ta faɗi kanwar, ta faɗi leda shida, ta faɗi ragon da ya ci tuwon wata biyu, kanta a sunkuye, hawaye na ɗiga a kan hijabinta. A hankali Malam ya warware hannun rigarsa ya rufe damtsen.

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta taso ta tsuguna a gabansa, ta danna babban yatsanta a idon sawunsa, da ta ɗaga sai ramin ya zauna. Ta zagaya damtsensa da awo, ta ba shi yatsunta biyu ta ce ya matse iya ƙarfinsa, ta ce ya tashi daga kujera ba tare da ya dafa ba. Ya yunƙura sau biyu ya koma. Sannan cikin ladabi ta ce Baba ya je ya kewaya tukuna. Sahabi, wanda aka kira daga waje, shi ya riƙe shi suka tafi, kuma tafiyar nan ta taku goma ita ce abin da Fadimatu ba za ta manta ba, don ko sau ɗaya bai waiwayo ba.

Da aka sake ɗora shi bayan azahar, arba'in da takwas aka samu, ga sauran ruwa kwance a ƙafafu. Sabon gwajin jini ya nuna kanwar ta fara gajiyar da ƙodarsa. Likita Humaira ta ce da an saka masa maganin yau a kan wancan awon, ba ta san yadda za a kwashe ba. Ta ce za a jira mako biyu ƙoda ta huta, sannan a rage awon ya dace da jikinsa na gaskiya, kuma abin da take nufi da sake shawara ke nan tun farko. Ta ce laifinta ne da ba ta warware masa maganar ba.

Ta yi musu bayani a tsanake, cewa wannan ramar ba irin ta yunwa ba ce. Ciwon ne da kansa yake cin tsoka yana kashe sha'awar abinci, ba ragwancin majinyaci ba ne, ba kuma gazawar mai girki ba. Ana yaƙarta, amma sai an gan ta. Ta rubuta maganin tashin zuciya, da na gyambon da ta gano a bakinsa wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba, da wani na ɗan lokaci mai buɗe ciki. Ta ce ya riƙa takawa a tsakar gida safe da yamma, yana tashi daga kujera yana zama, don tsokar da ba a mora ita take fara tafiya. Sannan ta juyo wajen Fadimatu ta tambayi yadda take ba shi abinci. Da ta ji labarin malmala uku sai ta ɗan yi murmushi.

"Mama, babban kwano tsoro yake ba shi. Ɗan kaɗan, sau shida ko bakwai a yini, mai maiƙo da gina jiki. Ƙwai, gyaɗa, wake, tafasasshiyar madara, romo da naman da ya dahu ya yi laushi. In ƙamshi na damunsa a bari ya huce. In ya ce ya isa, ya isa. Kada a tsare shi da ido."

Fadimatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta zo tona asirin wani, nata ya biyo baya.

Magana ɗaya Malam ya yi a ɗakin.

"An hwasa ke nan."

"An ɗaga ne, Baba, ba a fasa ba."

"Haka suka cewa," in ji shi, ya miƙa wa Sahabi hannu ya tashe shi.

Suka dawo Illela. Juma'a ta wuce bai yi mata magana ba, Asabar ma haka. In ta gaishe shi sai ya ɗaga carbi. Ta nemo 'yan kofunan shayi irin na Buzaye, ta riƙa dama kunun gyaɗa da madara, ko fura mai laushi da ƙwai a gefe, ta ajiye kusa da shi ta bar wurin. In ta dawo sai ta tarar ƙuda ne kawai ya taɓa. Ragon ma ta mayar da shi can bayan ɗaki, yana ta kuka yana neman tuwon da ya saba.

Kumburin ya fara saɓewa, kuma da ruwan ya janye sai ainihin mutumin ya fito. Ba ta san ya ƙare haka ba. Ta shiga bayan rumbu ta toshe baki da zane ta yi kuka mai isarta. Tsoro take ji, tsoro tsagwaronsa: kada ya zama ta raba shi da maganin ta kuma raba shi da ɗan abin da yake sa wa a ciki, ya tafi da kalmar nan bai janye ba. Ko a sallah in ta ɗaga hannu sai ta rasa me za ta roƙa, gafarar abin da ta yi ko godiyar ta yi shi.

Ran Lahadi da hantsi hayaniyar kara ta cika unguwa, kukan raguna da ƙugin manyan motoci da muryoyin dillalai. Tana tankaɗe a ƙofar madafa sai ta ga Malam ya dafa ginshiƙin rumfa ya miƙe. Ta yi kamar ta tashi, ta fasa. Ya bi bango a hankali, yana hutawa duk taku uku, har ya kai bayan ɗaki inda ragon yake. Ta ajiye rariya ta bi shi daga nesa.

Ya ɗora hannu a gadon bayan ragon. Ya matsa cinya, ya laluba gindin wutsiya, yadda ya yi wa dubbai. Ya daɗe a haka, kansa a sunkuye.

"Wanga kam ba ruwa ba na," ya faɗa, ba tare da ya juyo ba. Ya san tana nan. "Nama na. Nawa na kuma. A kira Sahabi shi yanka shi, shi maido min abina kaɗan-kaɗan."

Ya juyo ya jingina da bango, yana haki. Sai ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya miƙo mata damtsen, yadda mai rago yake miƙa igiya ga dillalin da ya yarda da shi.

"Taɓa."

Ta matso ta kama. Fata ce da ƙashi, sai wata 'yar tsoka siririya da ta rage a maƙale. Ta dafa kafaɗarsa, ta bi gadon bayansa da yatsu, tana jin kowane ƙulli.

"Nawa?"

Ƙarya ta zo mata har bakin leɓe, mai daɗi, mai sauƙi. Ta mayar da ita.

"Arba'in da shida. Ƙila da rabi."

Ya rufe ido ya jinjina kai, kamar wanda aka faɗa wa farashin da ya riga ya sani.

"Maganar da niy yi miki ran Laraba, na janye ta. Ina ɗan kohin nan?"

Ta kawo masa a rumfa, kunun gyaɗa ne da ya huce. Ta zauna a gefe ta juya fuskarta wajen katanga, tana jin ƙarar haɗiyarsa, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai ta ji ya ajiye. Da ta duba, rabi ya sha.

Kalmar "ƙarasa" ta taso mata tun daga ciki, ta cije ta da haƙori. Ta ɗauke kofin ta rufe da faifai, ta ce masa za ta kawo wani in an yi azahar.